Fashin baƙi: Yadda ruwan famfo ya zama siyasa a Amurka, da abin da masu ra'ayin sauyi ke nema

Idan aka ce ana taƙaddama kan muhalli a Amurka, hankalin mai sauraro yakan tafi kan ɗumamar yanayi da yarjejeniyar Paris, wadda Shugaba Trump ya janye ƙasar daga cikinta har sau biyu. Amma akwai wata taƙaddamar da ta fi wannan kusa da bakin talaka, wato ta ruwan sha. A watan Oktoban 2024 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta fitar da ƙa'idar da ta tilasta wa hukumomin ruwa su tone bututun dalma da ke kai ruwa cikin gidaje, su musanya su cikin shekara goma. Shekarar ba ta ƙare ba sai da ƙungiyar hukumomin ruwa ta garzaya kotu tana ƙalubalantar ƙa'idar.

To yaya aka yi ƙasa mai wannan arziki har yanzu take da miliyoyin gidaje da ke shan ruwa ta bututun dalma? Kuma me ya sa wani ɓangare na 'yan siyasarta ya riƙe wannan batu gam, har yake kiran sa maganar adalci?

Su wane ne masu ra'ayin sauyi?

Ba jam'iyya ba ce mai zaman kanta. Ɓangare ne a cikin jam'iyyar Democrat, wanda ke ganin shugabannin jam'iyyar sun cika lallaɓa manyan kamfanoni. Fitattunsu su ne Sanata Bernie Sanders, wanda a takarda ɗan indifenda ne, da Sanata Elizabeth Warren, da 'yan majalisar wakilai irin su Alexandria Ocasio-Cortez da Ilhan Omar da Rashida Tlaib. Suna da ƙungiya a majalisa tun 1991, mai mambobi kusan ɗari. Wanda ya san bambancin siyasar Malam Aminu Kano da ta masu riƙe da madafun iko a zamaninsa zai gane ƙamshin abin, ko da yake kowace ƙasa da tata matsalar.

A kan muhalli, ra'ayinsu yana tsaye ne kan ƙafa uku. Idan kimiyya ta tabbatar abu guba ne, gwamnati ta hana shi ko da kamfani zai yi asara. Kuɗin gyara ya fito daga baitulmali ko aljihun wanda ya gurɓata, kada a ɗora wa wanda aka cuta. Na uku, wanda ya fi jawo musu, shi ne cewa guba ba ta sauka a unguwanni daidai wa daida: tana taruwa inda talakawa da baƙaƙen fata suke. Wannan magana ta samo asali tun 1982, lokacin da mazauna gundumar Warren a jihar North Carolina, galibinsu baƙaƙe, suka kwanta kan titi don hana motoci kai ƙasa mai guba juji a yankinsu. An kama sama da mutum 500.

Ta ina dalma ke shiga ruwa?

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Ruwan da ke fitowa daga matatar gwamnati yawanci ba shi da dalma. Babban bututun da ke ƙarƙashin titi ma na baƙin ƙarfe ne ko roba ko kankare. Matsalar tana cikin ɗan siririn bututun da ya tashi daga babban bututun ya shiga gida, wanda kaurinsa bai fi inci ɗaya ba a yawancin gidaje. A da ana yin sa da dalma zalla, domin tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, ba ta tsagewa, kuma tana daɗewa. Sai a 1986 dokar tarayya ta haramta sa sabo. Birnin Shikago kuwa har zuwa wannan shekara dokarsa tilasta amfani da dalma take yi, shi ya sa yake da irin wannan bututu kusan 400,000, fiye da kowane birni a ƙasar. Ƙiyasin da EPA ta yi a 2023 ya ce akwai wajen miliyan 9.2 a faɗin Amurka.

Abin da ke tsare mutane daga wannan guba wani ɓawo ne siriri da ke taruwa a cikin bututun a hankali, kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya. Muddin ɓawon yana nan, ruwa ba ya taɓa dalmar kai tsaye. Domin a gina shi kuma a riƙe shi, matatu suna zuba sinadarin fosfet kaɗan, 'yan miligiram a kowace lita, suna kuma lura da tsamin ruwan. Fosfet ɗin yana haɗuwa da dalma ya zama wani abu mai wuyar narkewa, ya manne a bango.

Ke nan lafiyar gida ta rataya ne kan yanayin ruwan ya tsaya yadda yake. Da zarar an canja tushen ruwa, ko an canja maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko an daina zuba fosfet, sai ɓawon ya fara narkewa ko ya ɓantare. Hakan ya faru a birnin Washinton bayan 2000, lokacin da aka canja maganin tsaftace ruwa daga kulorin zuwa kuloramin, dalma ta yi tashin gwauron zabo a dubban gidaje na tsawon shekaru.

Dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa mai girma, ta rage kaifin fahimta, ta kawo rashin natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan famfo, domin kusan duk abincinsa ruwan ne.

Flint: yadda aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago

Flint birni ne a jihar Michigan, mahaifar kamfanin motoci na General Motors. A 1960 mutanensa sun kai kusan 200,000. Da masana'antu suka kwashe, sai ya rage rabi, fiye da rabin mazaunan baƙaƙen fata, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma suna cikin talauci. Bashi ya yi wa birnin katutu, sai gwamnan jihar, Rick Snyder, ya naɗa masa kantoma daga 2011. Dokar jihar ta ba kantoman iko a kan zaɓaɓɓen magajin gari da kansiloli.

Shekaru kusan hamsin Flint tana sayen ruwa daga Detroit, ruwan Tafkin Huron da aka riga aka tace aka zuba wa fosfet. Don a rage kashe kuɗi, aka yanke shawarar shiga wani sabon aikin bututu, kafin a gama shi kuma a riƙa ɗibar ruwa daga Kogin Flint. Ranar 25 ga Afrilun 2014 aka juya akalar. Ba a zuba fosfet ba, alhali masana sun ƙiyasta kuɗinsa bai wuce wajen dala ɗari a rana ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa jan juna. Ruwan kogin yana da gishirin kulorayid da yawa, maganin da aka yi amfani da shi wajen kwantar da laka kuma ya ƙara masa. Kulorayid yana cin ƙarfe. Manyan bututun suka fara zubar da tsatsa, shi ya sa ruwa ya riƙa fitowa ja-ja-ja. Tsatsar kuma tana shanye kulorin ɗin da aka zuba don kashe ƙwayoyin cuta, sai aka fara samun ƙwayoyin a watan Agusta da Satumba, aka ce mutane su riƙa tafasa ruwa. Da aka ƙara kulorin, sai ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dattin kogi ya haifar da wasu sinadarai da suka wuce ƙa'ida. A lokaci guda, a ɓoye, ɓawon da ke cikin bututun dalma yana narkewa.

A watan Oktoban 2014 masana'antar injin mota ta General Motors ta daina amfani da ruwan, domin yana sa sassan inji tsatsa. An ba ta damar komawa ruwan Detroit. Mutanen gari kuwa, masu zuwa taro da gorunan jan ruwa a hannu, suna kukan ƙuraje da zubewar gashi, aka ci gaba da ce musu ruwan lafiya lau yake. Ni dai a duk labarin babu abin da ya fi wannan ciwo: an ji kukan inji shekara guda kafin a ji na yara.

Waɗanda suka fasa ƙwai ba daga cikin hukumar ruwa suka fito ba. Wata uwa ce ta dage har aka auna ruwan gidanta. Wani jami'in EPA, Miguel Del Toral, ya rubuta takardar gargaɗi a Yunin 2015 cewa ba a zuba maganin hana zaizaya. Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech da ɗalibansa suka raba wa mazauna kwalaben gwaji ɗaruruwa; a gidan waccan uwa sun taɓa samun dalma maikirogiram 13,200 a lita, alhali ma'aunin hukuma 15 ne. Sannan likitar yara Mona Hanna-Attisha ta binciko bayanan jinin yara a asibitinta, ta nuna a Satumban 2015 cewa masu dalma da yawa a jini sun ninka. Alƙaluman da ta wallafa daga baya sun ce daga kashi 2.4 zuwa 4.9 cikin ɗari, a unguwannin da abin ya fi muni kuma daga 4 zuwa sama da 10. Jami'an jihar suka fara da ƙaryata ta, bayan 'yan kwanaki suka amsa. An koma ruwan Detroit a tsakiyar Oktoban 2015, bayan wata goma sha takwas. A tsakanin nan cutar Legionnaires, wata irin limoniya da ƙwayarta ke hayayyafa a ruwan da kulorin ya yi ƙaranci, ta kashe aƙalla mutum 12.

Yadda gwaji ke iya ɓoye gaskiya

Wannan ɓangare ya kamata a tsaya a kai, domin shi ne ya nuna yadda ake iya cika takarda daidai alhali mutane suna shan guba.

Ƙa'idar 1991 ta ce a ɗebi lita ɗaya ta farko daga famfo bayan ruwa ya kwanta a bututu aƙalla awa shida, daga gidajen da suka fi haɗari. Idan fiye da kashi 10 cikin ɗari na gidajen da aka auna suka haura maikirogiram 15 a lita, dole hukumar ruwa ta ɗauki mataki. Ka ga ke nan ba a cewa kowane gida sai ya tsira. Gida tara cikin ɗari na iya samun dalma mai yawan gaske, birni ya ci jarrabawa.

Sannan ga dabarun rage sakamako. A ce wa mai gida ya saki famfo na 'yan mintuna daren da za a ɗebi ruwa, abin da ke wanke gutsattsarin dalma. A ba shi kwalba mai ƙaramin baki, dole ya buɗe famfo a hankali, ruwa mai tafiya a hankali kuwa ba ya ɓantaro ɓawo kamar yadda yake yi in ana cika tukunya. A cire 'yar rariyar bakin famfo inda gutsattsarin ke maƙalewa. Ko kuma a auna gidajen da ba su da bututun dalma tun farko. A Flint, cikin samfuri 71 na farkon rabin 2015, jami'an jihar sun sa an cire biyu masu yawan dalma, bisa hujjar ɗaya gida ne mai abin tace ruwa, ɗaya kuma ba gidan zama ba ne. Da aka cire su, sakamakon birnin ya faɗo ƙasa da 15.

Akwai kuma aibi a ita kanta litar farko. Ruwan da ke fara fitowa wanda ya kwana ne a bututun cikin gida kusa da famfo. Wanda ya kwana a cikin bututun dalma na waje sai wajen lita ta biyar yake isowa. Shi ya sa ƙa'idar 2024 ta ce a auna ta farko da ta biyar a ɗauki wadda ta fi yawa, ta kuma rage ma'aunin daga 15 zuwa 10.

Abin da kowane ɓangare ya karanta

Masu ra'ayin sauyi sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ganinsu Flint haɗuwar abu uku ce: tsuke bakin aljihu, ƙwace wa mutane ikon zaɓaɓɓunsu, da raina kukan talaka baƙar fata. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar Michigan kanta, a rahotonta na 2017, ta ce wariyar launin fata da ta daɗe a tsarin gidaje da mulki tana da hannu. Suna kuma nuni da cewa duk da diyyar dala miliyan 626 da kotu ta amince da ita a 2021, babu jami'i ko ɗaya da ya tafi gidan yari. Tuhume-tuhumen, har da na tsohon gwamna, sun rushe bayan wani hukuncin kotun ƙolin jihar a 2022.

Masu ra'ayin mazan jiya suna da amsar da ba za a yi watsi da ita ba. Sun ce ba kamfani ne ya shayar da Flint guba ba, gwamnati ce, tun daga matata har hukumar jiha. EPA ɗin da ake son a ƙara wa iko, a ƙarƙashin Obama take lokacin, kuma ta zauna kan gargaɗin jami'inta wata da watanni. Mai binciken cikin gida na hukumar ya ce tana da hurumin ba da umarnin gaggawa tun Yunin 2015, ba ta yi ba sai Janairun 2016, shugabar reshen yankin kuma ta yi murabus. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu masana lafiya ma sun ja kunne kan zuzuta abin. Dalmar jinin yaran Flint a 2015, duk da tashin da ta yi, ba ta kai ta shekara goma kafin nan ba, domin adadin yana ta raguwa a duk ƙasar tun da aka daina zuba dalma a man fetur. Sun ce kiran yaran gari guda “masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa” cuta ce ta biyu a kansu. Wannan gaskiya ce da ya kamata masu fafutuka su karɓa. Sai dai ba ta wanke kowa ba, kuma raguwar da ake magana ita kanta doka ce ta kawo ta, bayan kamfanonin dalma sun shafe shekaru suna yaƙar masanan da suka fallasa su.

Siyasar ma ba ta tafi a layi ɗaya ba. Shugaba Nixon, ɗan Republican, shi ya kafa EPA a 1970. Biden ya nemi dala biliyan 45 don cire bututun, majalisa ta ba da biliyan 15 a dokar ayyukan raya ƙasa ta 2021, da ƙuri'un sanatocin Republican 19, yayin da 'yan ra'ayin sauyi shida a majalisar wakilai suka ƙi dokar saboda an raba ta da babban ƙudurin walwalar jama'a. Trump kuwa da ya dawo a Janairun 2025 ya soke umarnin da ya ce kashi 40 na amfanin wasu ayyukan tarayya ya tafi yankunan da aka bari a baya, aka kuma rufe ofisoshin adalcin muhalli na EPA.

Rabin aiki ya fi rashin aiki haɗari

Gardamar da ta rage ta kuɗi ce, kuma a nan ne nake ganin masu ra'ayin sauyi sun fi gaskiya. A birane da yawa bututun mallakar mutum biyu ne: daga titi zuwa bakin fili na hukumar ruwa, daga nan zuwa mita na mai gida. In hukuma ta canja nata rabin da tagulla ta bar na mai gida, an tsokano tsuliyar dodo. Yanka da girgiza suna ɓantaro ɓawo, dalma ta hau na makonni ko watanni. Haɗa tagulla da dalma kuma yana haifar da ɗan motsin lantarki a mahaɗar, wanda ke ƙara cin dalmar.

In aka ce mai gida ya biya nasa rabin, dubban daloli ne. Mai hali zai biya, marar hali zai ƙi, mai gidan haya da ba ya kwana a gidan kuwa zai yi kunnen uwar shegu, ɗan haya ya ci gaba da sha. Birnin Newark a jihar New Jersey ya nuna hanyar fita: ya ci bashin dala miliyan 120 ta hannun gundumarsa, ya ce kyauta ne ga kowa, ya yi dokar da ta ba ma'aikata damar shiga ko mai gida bai sa hannu ba, suka bi titi-titi maimakon gida-gida. Cikin ƙasa da shekara uku aka canja bututu kusan 23,000. Flint kanta ta kwashe shekaru kafin ta canja kusan 11,000, domin tsofaffin bayananta a kan katuna suke, da yawa ba daidai ba, sai an tona a gani.

Hukumomin ruwa suna cewa aikin zai haura dala biliyan 90, masu aikin famfo ba su isa ba, kuma a ƙarshe kuɗin a takardar biyan ruwa zai fito, talakan dai zai biya. Damuwa ce ta gaske. Ƙa'idar 2024 ba ta tilasta wa hukuma biyan rabin mai gida ba, ta kuma ba birane irin su Shikago ƙarin wa'adi, abin da masu ra'ayin sauyi ke kallo a matsayin babban giɓinta.

Abin da ya shafi namu

Gubar dalma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Hanyar ta bambanta, adadin da aka samu a jinin yaran Zamfara kuma ya ninka na Flint nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce. Wani kwallin da ake rambaɗa wa jarirai ma daga dutsen dalma ake niƙa shi.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a tsofaffin gidajen haya a New York ko Shikago ko Detroit, ana iya duba bututun inda ya shigo gida kusa da mita. A kankare shi kaɗan da makulli: in ya yi taushi, ya fito fari yana ƙyalli kamar azurfa, kuma maganaɗisu bai kama shi ba, dalma ce, in ja ne kamar kwabo, tagulla ce, in maganaɗisu ya kama, ƙarfe ne. Tun Oktoban 2024 doka ta wajabta wa hukumomin ruwa su fitar da jerin gidajen da ke da bututun dalma, don haka ana iya tambayarsu da adireshi. A sha kuma a dafa da ruwan sanyi kawai, domin ruwan zafi ya fi narkar da dalma. Tafasawa ba ta cire ta, sai ma ƙara mata ƙarfi in ruwa ya ƙone. A sayi abin tace ruwa mai shaidar NSF 53 da aka rubuta yana cire dalma, a canja cikinsa a kan lokaci, a riƙa kwance rariyar bakin famfo ana wankewa. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma fentinsa na iya ɗauke da dalma, ƙurarsa takan fi ruwa cutar da mai rarrafe. Yaro ɗan shekara ɗaya da ɗan shekara biyu a nemi likita ya auna jininsa. Tun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa maikirogiram 3.5 na dalma a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini a matsayin adadin da in an kai shi za a fara binciken gida.